Zuwa ga Taubashina, Mai Tuƙi Ba Tafiya

Gaisuwa ga bawan gidanmu, ɗan gwaggona, mai tumbin da ya gagari ɗamara a duk ƙasar Ngaski. Da na ce maka ina gajiya, amma mutumin da ya yi awa guda yana tuƙa keke ya sauka a inda ya hau bai cancanci barka da hanya ba.

Labarinka ya riga saƙonka isowa. Daga Wara zuwa Libata, har bakin masu kifi da ke sauke kaya a Yelwa, zancen ke nan: wai Alhaji ya ajiye aikin gwamnati ya dawo gida da tumbi da hawan jini, likita ya ce ya motsa jiki, shi kuma maimakon ya saɓa fartanya ya bi masu albasa fadama, sai ya sayo keken tsere ɗan Kwatano, ya cire masa tayar baya, ya ɗaure shi a wani turken ƙarfe a tsakiyar ɗaki. Na tambaye ka me ya hana ka fita da shi waje, ka ce ramuka, ka ce ƙura, ka ce manyan motoci, ka ce halin da hanyoyi suke ciki. Wannan na ƙarshe ban musa maka ba, Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Amma ni da kai mun san gaskiyar magana: gajeren wandon nan mai manne wa jiki ne ba ka iya giftawa da shi ta gaban surukai.

Bari in yi wa masu karatu bayani, kada su ce ƙazafi nake maka. Turken nan ba kai ka ƙago shi ba, ba ka da wannan basirar. 'Yan tseren keke na Turai da Amurka ne suka saba da shi, domin a can hunturu kan toshe hanya da ƙanƙara wata da watanni, rana ta faɗi tun la'asar. Iri biyu ne. Akwai wanda ake barin tayar baya a jikin keke, a maƙale ta gefe da gefe, ta riƙa murza wata 'yar gangar ƙarfe. Akwai kuma irin naka, wanda ake cire tayar ɗungurungum, a ɗora sarƙa a kan firiwil ɗin da ke jikin injin. Kamfanoni irin su Wahoo na Amurka da Tacx na Holan da Elite na Italiya suna cikin masu ƙera su. Injin yana magana da waya ko kwamfuta, wata manhaja mai suna Zwift da ta fito a 2014 ta nuna maka ɗan mutum-mutuminka a allo yana gudu. In hanyar allo ta hau tudu, injin ya ƙara wa ƙafarka nauyi. In ta gangara, ya sassauta.

Ƙasar da ka fi yawo a cikinta an ce sunanta Watopia, wai gungu ne a tsakiyar teku. Ikon Allah! Da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taso, mutum wajen 44,000 aka tasa daga gungaye da garuruwan bakin Kwara, tsohuwar Busa ta nutse. Har gobe tsofaffin Gungawa suna nuna wa jikoki inda gungunsu yake a ƙarƙashin ruwa. Kai kuwa ka samo gungun da babu shi a taswirar kowa, kana biyan hayarsa wata-wata, da dala. Telan bakin kasuwa shi ma wuni yake yana taka feda bai gusa ko taku ɗaya ba, amma da yamma yana da riga da wando da zai nuna, ga kuɗin cefane a aljihu. Kai gumi kawai kake ɗinkawa.

To, saƙon muryarka ya iso, kana huci. Ka ce ranar da ka gwada keken a kwalta giya tana shiga sumul, ƙas, ƙas, ɗaya bayan ɗaya. Da ka ɗora shi a turke sai sarƙa ta buɗe baki. Giya biyu ko uku na farko lafiya lau, daga nan sai kacau-kacau: ka danna sau ɗaya ta ƙi hawa, ka ƙara ta tsallake biyu, in ka miƙe ka taka da ƙarfi feda ta zame, gwiwarka ta je ta gaisa da kan keke. Ka zargi wanda ya sayar maka. Ka zargi jikoki. Ka zargi mai facin bakin tasha, bawan Allah da kallo kawai ya zo yi, ko taɓa keken bai yi ba. Har ka fara cewa ko hannu aka sa maka, sai ka ce akwai mai ɓarnar kuɗin boka a kan mutumin da ya riga ya ɗaure kansa da kansa.

Daga nan ka shiga gyaran gangar Auzinawa. Ka aika aka ɗebo maka baƙin man janareta ka tuttula wa sarƙa. Ka ɗauko sukundireba ka auka wa 'yan sukurori biyun nan da aka rubuta wa H da L, ka murɗa wannan ka murɗa wancan, har sarƙa ta haye babban faifai ta faɗa bayansa ta maƙale a jikin injin. Garin neman gira ka kusa rasa ido.

Zauna in koya maka, tunda ni a rumfar kawunka na tashi, ina miƙa masa sifana yana ɗaure Raleigh da Phoenix, kai kana can kana lasar kwanon gwaggo.

Giyar keken zamani ba ta da ido. Libar da ke hannunka ba ta san inda fayafayan baya suke ba. Abin da ta sani kawai, duk dannawa ɗaya ta ja waya daidai wani ɗan tsawo da aka ƙayyade mata tun daga masana'anta, ko ta sake ta. Wayar ce ke tura hannun nan na baya mai 'yan garegare biyu, shi kuma ya ɗauki sarƙa ya aje ta a faifai na gaba. Idan tazarar fayafayan ta dace da takun libar, shiru za ka ji. Tazarar nan kuwa, daga tsakiyar faifai zuwa tsakiyar na kusa da shi, ba ta cika milimita 4 ba. Kuskuren rabin milimita ya isa ya sa sarƙa ta riƙa gogar faifan gefe tana ƙara.

Yanzu tashi ka ƙirga. Na san lissafi ba gadonku ba ne, kira ɗaya cikin jikokin da ka yi wa ƙazafi ya taya ka. A hoton da ka turo, tayar da ka jingine a bango fayafayai 10 ne a jikinta. Na jikin turke 11 ne. Na 11 sun fi matsuwa, bambancin kowane taku wajen kashi 1 cikin 5 na milimita. A dannawar farko ba ka jin komai, a ta biyu ma da sauƙi, amma kuskuren taruwa yake yi. Kafin ka kai tsakiya ya kai milimita guda, kusa da ƙarshe kuwa sarƙa tana tsaye tsakanin fayafayai biyu, ba ta san na wanda za ta hau ba. Ga shi kuma sarƙar giya 10 ta fi ta giya 11 faɗi, wurin ya yi mata kaɗan. Ko za ka kwana kana murɗa sukuru ba za su shirya ba. Wannan shi ne bokan da ya yi maka aiki, kuma kai ka ɗauko shi da kuɗinka, domin da za ka sayi turke ba ka tambayi mai shago komai ba sai ragi.

Maganin ba shi da tsada. Ka cire firiwil ɗin turke ka adana, ka kwance na tayarka ka mayar a gurbinsa. Aikin yana son kaya biyu: makulli mai tsaga-tsaga da ke shiga murfin firiwil, da sanda mai guntun sarƙa a baki, wadda ake riƙe fayafayan da ita kada su juya. Guduma da ƙusa ba sa cikin lissafi, na san halinka. Kafin ka jera fayafayai 10 a mazaunin da aka yi domin 11, sai ka fara zura wani siririn zobe mai kaurin milimita 1.85, wanda yawanci yana zuwa cikin kwalin turken. Naka na tabbata yana cikin ledar da ka ba yara su yi wasa. In babu shi, duk ƙarfin da ka ɗaure murfi fayafayan za su riƙa rawa, giya kuma ba ta zama a kan abin da ke rawa. Murfin a rubuce yake a jikinsa, 40 Nm. Ɗauri ne mai ƙarfi na hannu, ba a ce ka hau sifana da tumbi ba.

Dawo da naka firiwil ɗin yana da wata riba. Keken nan gwanjo ne, sarƙarsa ta sha tafiya a hannun wani Bature kafin ta zo hannunka. Sarƙa tana tsufa tare da fayafayanta, haƙoran suna cinyewa daidai yadda take miƙewa. Ka ɗora tsohuwar sarƙa a kan sabbin haƙora, ba za ta zauna daram ba. Awonta ba wuya: tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, saboda haka taku 24 inci 12 ne cif a sabuwa. Ka sa rula. In ta zarce da milimita 1.5, ranar canji ta zo. In ta zarce da ninkin haka, ta riga ta cinye fayafayan, sai ka canza su tare, ka daina kukan kuɗi.

Kada ka yi murna tukuna. Ko da fayafayai 10 ne nan 10 ne can, mazaunin turke da na taya ba lalle su zo wuri ɗaya cif ba. Sau da yawa akan samu rabin milimita ko abin da ya fi haka a tsakani, kuma wannan shi ne ya fi damun masu irin sana'arka a duk duniya, har waɗanda suka iya ƙirga. Kafin ka taɓa komai, duba yadda keken ya zauna. Ƙafafun bayansa biyu dole su sauka gaba ɗaya a kan aksil, ba ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ba. Ka sassauta maɗaurin, ka danna sirdi ƙasa, sannan ka kulle. A nan kam tumbinka zai yi rana. Duba kuma ɗan ƙarfen da ke cike gefen aksil: keken tsere mai birkin roba faɗin bayansa milimita 130 ne, mai birkin faifai 135, sababbi masu kaurin aksil 142. A wasu injinan ƙarfe ɗaya ne ake juyawa, fuska ɗaya 130 ɗaya 135, lambar a rubuce. Ka juya shi ba daidai ba, ka buɗe ƙafafun keke da ƙarfi, komai ya karkace.

Sai ka tsuguna a bayan keken, in gwiwa ta yarda, ka dubi hannun giya. 'Yan garegaren nan biyu su kasance a miƙe, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, daidai ƙarƙashin faifan da sarƙa take kai. Hannun yana rataye ne a jikin wani ɗan kunne na alminiyom da aka yi shi da laushi da gangan, domin in keke ya faɗi kunnen ya lanƙwashe, gangar jiki ta tsira. Na ji yadda aka kawo maka keken nan: a saman mota, kwance ta gefen dama, an ɗora masa buhunan albasa. In kunnen bai lanƙwashe ba, to ka yi sadaka. In ya lanƙwashe, babu saitin da zai kama sai an miƙe shi, kuma a hankali, domin alminiyom ba ya son a lanƙwasa shi sau biyu.

Bayan duk wannan ne ake zuwa wurin abin da ya kamata ka fara taɓawa tun farko, ka bar shi ka tafi yaƙi da sukurori. Inda waya ta shiga hannun giya akwai ɗan noti mai tsaga a jiki, da yatsu ake murɗa shi. Mayar da sarƙa ƙaramin faifai, ka juya feda, ka danna sau ɗaya. In ta yi nawar hawa, waya ta yi sako-sako: murɗa notin waje, yadda ake kwancewa, rubu'in zagaye kawai. In hawa take yi da gaggawa amma ta ƙi saukowa, waya ta yi tsauri: mayar da shi ciki, rubu'i ɗaya. Ka gwada, ka saurara, ka ƙara rubu'i in da bukata. Rubu'i na ce, ba zagaye uku da bisimilla ba. Ka riƙe adadin da ka murɗa, ka rubuta da alli a bango, domin ranar da kunya ta sake ka ka mayar da taya za ka hau kwalta, sai ka mayar da notin inda yake.

Su kuwa H da L ba ruwansu da giyar tsakiya. Iyaka kawai suke tsarewa. H yana hana sarƙa faɗawa waje ta gefen ƙaramin faifai, L yana hana ta wuce babba. Kai ka buɗe L har ƙarshe, shi ya sa ta tafi. Mayar da shi har garegaren sama ya tsaya daidai ƙarƙashin babban faifai, ko ka tura da hannu ba ya wucewa. Daga nan ka manta da su.

Saura gumi. A kan hanya iska ce ke busar da mahayi. A ɗaki babu ita, ga bazarar bakin ruwan nan da zafi kan kai digiri 40. Abin da ke zuba daga goshinka ruwan gishiri ne, kuma a kan kan keke yake sauka, ya bi cikin kuben waya ya sa ta tsatsa. Wayar da ta yi tsatsa tana jawuwa da ƙyar, sakuwa kuwa sai ta ga dama, giya ta riƙa makara wajen saukowa. Ka shimfiɗa tawul a kan keken, ka sa fanka a gabanka, ka goge bayan ka gama. Baƙin man da ka zuba kuma, idan ƙurar hunturu ta same shi, cin haƙora zai yi ta yi har su ƙare. Sarƙa ɗigo take so na siririn mai, a kowace ƙusa, a goge saura da tsumma. Kuma in za ka canza giya ka ɗan sassauta ƙafa; ba a dannawa ana tsaye a kan feda da kilo ɗari, Allah Ya sa ban rage maka ba.

Abin dariyar, duk wahalar nan sabuwa ce. An fara tseren Tour de France a 1903, amma sai a 1937 aka yarda manyan 'yan tseren su yi amfani da wannan hannun giya. Shekaru da yawa bayan nan liba ba ta da ƙas-ƙas, a sake take, mahayi ya ja ta a hankali yana saurare har sarƙa ta yi shiru. Irin wannan libar ba ruwanta da fayafayai nawa ne a baya, har yanzu ana ganinta a tsofaffin kekunan gwanjo. A 1984 ne kamfanin Shimano na Japan ya fito da mai ƙayyadadden taku da ta karɓu, aka huta da saurare, aka shiga awon milimita. Sai ga shi a 2023 Zwift ta fito da turke mai faifai ɗaya tal, haƙora 14, sarƙa ba ta zuwa ko'ina. Maɓalli kake dannawa injin ya ƙara nauyi ko ya rage, har giya 24 na ƙarya. Wato bayan shekaru kusan casa'in ana ƙara fayafayai, an dawo kan faifai ɗaya irin na Raleigh ɗin da mahaifinka ya kai amarya kasuwa da shi. Naka injin ma yana da wani tsari da suke kira ERG, inda za ka gaya masa ƙarfin da kake so ya riƙe maka shi, kai dai ka zaɓi giya ɗaya mai shiru a tsakiya ka yi ta juyawa. Da ka karanta takardar da ke cikin kwali da ba ka tashi unguwa da ihu ba, amma an ce da ita aka kunna gawayi.

Ba na ce turke aikin banza ba ne, kada ka kai ƙarata wurin gwaggo. Hawan jini ba wasa ba ne, kuma gumin ɗaki da gumin hanya duk ɗaya ne a wurin zuciya. Mathew Hayman, ɗan Ostareliya, ya karya hannu a watan Fabrairu na 2016, ya ɗaure keke a garejinsa ya yi ta tuƙi a gaban allo, a watan Afrilu ya fito ya cinye tseren Paris-Roubaix, sama da kilomita 250, wani ɓangare a kan hanyar duwatsu. A Disambar 2020 aka yi gasar duniya ta farko ta tseren cikin ɗaki. A ɓangaren mata Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ce ta ci. A ɓangaren maza kuwa wani Bajamushe ne, Jason Osborne, wanda asalin wasansa tuƙin kwalekwale ne, har ya samo azurfa da shi a gasar Olamfik ta Tokyo. Ka ji, ɗan ruwa ne ya zo ya kayar da masu keke a kan kekensu. Kai da aka haifa a bakin Kwara, duk shekara ana Rigata a Yawuri, samari suna tsere da jirage, ba a taɓa ganinka ba sai a rumfar manyan baƙi, kana fifita da hula, kana ba da labarin dorinar da ta kusa cinye ka tun kana ɗan firamare. Bambancinka da Hayman kaɗan ne: shi da hannu ya warke ya fito waje.

Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan shigo Wara da makullan. Kafin in iso ka wanke baƙin man nan da kananzir, ka bi yara da alewa su fito maka da zoben, ka ba uwargida sukundireba ta kulle a akwatinta. A soya mini giwan ruwa, ba warangi ba. Kuɗin sharar da kake jira a watan cika-ciki kuwa, ka cire rai: na riƙe su ladan gyara.